Yaya Ake Auna Ƙarfin Maganin Feshi?

Tambaya: Ina sayar da magungunan feshi. A jikin galan ɗin maganin ciyawa na gilaifoset an rubuta giram 360 a kowace lita, amma manoma na cewa wani kaya ya fi wani ƙarfi. Ta yaya ake tabbatar da abin da ke ciki?

Amsa: Malam, ido da hanci ba sa gane wannan, sai ɗakin gwaji. Can kuwa aikin duka kwatance ne. Ana auna ɗan samfuri a sikeli mai kaifi, a narkar da shi, a tace, a zuba wa na'urar da ke rarrabe sinadarai. Sannan a kwatanta alamar da ya bayar da ta tsantsar sinadarin da aka riga aka san tsarkinsa. In wannan tsantsar ta tsufa ko ta sha danshi, sakamakon ya lalace, komai tsadar na'urar.

Na'urori biyu suka fi aiki. A HPLC ruwa ne ke tura samfurin ta cikin bututu cike da gari mai laushi, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. Ita ake yi wa gilaifoset, domin ba ya zama tururi. GC kuwa iskar gas ce ke turawa, ta dace da masu jure zafi irin su maganin ƙwari na saifametrin. Tsohuwar hanyar ɗiga ruwan gwaji har launi ya sauya tana nan, ana auna magungunan jan ƙarfe da ita. Yawancin hanyoyin CIPAC ce ta tantance su, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai daidaita hanyoyin gwajin magungunan feshi.

Ba a neman 360 cif. Ƙa'idar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci da noma (FAO) da na lafiya (WHO) ta yarda da bambancin kashi 5 cikin 100 ga maganin da ke tsakanin giram 250 da 500 a lita, wato daga 342 zuwa 378 duk daidai ne. Ka lura kuma: galan mai 480 da mai 360 sau da yawa abu ɗaya ne, mai 480 ya lissafa nauyin gishirin sinadarin (wato shi da abin da aka haɗa masa don ya narke), mai 360 kuwa na asid ɗinsa zalla.

A ganina, wajen ɗibar samfuri aka fi yin kuskure, musamman maganin da ke kwanciya a ƙasan galan. In za ka aika gwaji, aika galan da ba a buɗe ba, da lambar rukuninsa, ka ajiye ɗan'uwansa a inuwa ko da za a sake aunawa.