Tambayi Likita: Cututtukan gado a yara da jinkirin balaga

Tambaya: Likita, ma'aurata AS da AS, wato masu ɗauke da gadon sikila, sun haifi 'ya'ya uku, dukansu SS, masu ciwon sikila. A aji kuwa an ce mana ɗaya cikin huɗu ne. Ina kuskuren yake? (Ɗalibar aikin jinya, Zariya)

Amsa: Lissafin yana nan daidai, 'yata. Ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne shi kaɗai: kashi 25 cikin ɗari SS, 50 AS, 25 AA. Cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Ki kuma kula, jariri mai sikila yakan yi lafiya lau a watannin farko, saboda jinin da ya fito da shi daga ciki, wato HbF, yana kare shi. Sai wajen wata shida, da HbF ya ja baya, ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Gwajin gaggawa na sikila ba ya bambanta AS da SS, sai an yi ilektiroforesis, gwajin da ke tantance nau'in jinin. Idan an ƙara wa yaro jini, a jira wata uku, in ba haka ba SS zai iya fitowa kamar AS.

Tambaya: Jariri namiji ya yi shawara mai tsanani a kwana na uku, an ce ƙarancin G6PD ne, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Me ya tayar da ita? (Ɗalibin likitanci, Kano)

Amsa: Tambayi uwar inda ta ajiye kayan jaririn. Sau da yawa ƙwallon kafur ne a cikin akwati, wani lokaci lalle ko man shafawa mai mentol. Ƙarancin G6PD yana bin kuromozom X, ƙwayar gado da namiji ke da ɗaya, mace biyu, shi ya sa ya fi kama maza, daga uwa suke gadonsa. Kafur, lalle da mentol suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan jariri, bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, ya hau, in ya kai ƙwaƙwalwa ya bar kurumta ko shanyewar jiki. Shanya jariri a hantsi ba magani ba ne. A auna bilirubin, a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti. Gwajin G6PD a lokacin da ƙwayoyin jinin ke farfashewa yakan yi ƙarya, ya nuna lafiya lau, domin sababbin ƙwayoyin jini suna da isasshen sinadarin. A maimaita bayan wata uku.

Tambaya: Yarinya mai shekara 15 ba ta fara al'ada ba. A jira? (Ɗalibar ungozoma, Maraɗi)

Amsa: A'a, a bincika. Ƙirgen dangi yakan fara tsakanin shekara 8 da 13, al'ada ta biyo baya da kamar shekara biyu. Rashin nono a 13, ko rashin al'ada a 15, ya isa dalili. Sikila da tamowa suna jawo jinkiri. Gajeriya mai faɗin wuya wadda ba ta fara nono ba, a tuna da cutar Turner, mai X ɗaya tak. In kuma nono ya cika, tana ciwon mara duk wata amma jini ba ya fita, a duba ko tantanin budurci ne ya toshe hanya.