Amsa: Wace irin ayaba ce a bayan gidana?

Malam, ka ce an ba ka 'yar ayaba ka dasa, yanzu kana son sanin irinta. Gaskiya ganye kaɗai ba zai gaya maka ba, sai ta fitar da nono. In ka ga ta tsaya gajera, kusan mita 2, ganyenta a cunkushe, busassun furanni kuma sun manne a sandar da ke ƙasan 'ya'yan ba su zube ba, to gajeriyar Cavendish ce, irin ayabar da ake ci ɗanya in ta nuna. Agade kuwa takan yi tsawo, 'ya'yanta manya masu kusurwa, ba yawa, kuma wata irinta jan kan furen nan da ke ƙarshen sandar bushewa yake da wuri. Ni sai da na soya tawa na tabbatar da irinta. Turo hoton nonon in ya fito.