Kwana biyu a cikin birnin Kano da iyali

Ɗan'uwa, ka ce za ka shigo Kano da maiɗakinka da yara uku, kwana biyu kacal, kana tambayar ina za ku fara.

Ku yi sammako ku hau Dutsen Dala kafin rana ta take. Akwai matakala, amma ka riƙe hannun ƙaramin. Daga sama birni duk yana ƙarƙashinku, ga Goron Dutse can gefe. A nan za ka ba yara labarin Barbushe, jagoran mazauna Dala na da can, da Tsumburbura, abin bautarsu.

In kun sauko sai Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Kada ka kuskura ka ce da mota za ka shiga. Lungunan matsattsu ne, wani wajen in mai kura ya taho sai kun rakuɓe jikin shago. Ku hau adaidaita sahu. A ɓangaren dukawa ka tsaya ka yi ciniki sosai, kuɗin farko da aka faɗa ba shi ne kuɗin jaka ba.

Washegari ku je Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar sarki, sannan marinar Ƙofar Mata. Ni a ganina nan yara za su fi jin daɗi: farin ƙyalle ya shiga karofi, ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonsu. Kada dai a sa musu fararen kaya.

In ziyarar ta faɗo Juma'a, ku gama yawo kafin azahar, don hanyoyin Babban Masallaci cushewa suke.