Tambaya da Amsa: In Sayi Jitar Lantarki ta Hannu In Sauya Mata Kaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, kuma na kai shekara biyu ina koyon kaɗa jitar katako wadda ba ta buƙatar wuta. Yanzu wani maƙwabcinmu zai sayar da jitarsa ta lantarki, ƙirar Squier (jitoci masu araha na kamfanin Fender) mai siffar Stratocaster, haɗe da ƙaramar amfilifaya da aka kawo masa daga Amurka. Fentinta ya kakkarce, kuma da an jona ta sai ta riƙa wani ƙugi ko ba a kaɗa ba. Abokina ya ce in saya, in cire maɗaukan sautinta in sa masu ƙarfi, in sake mata fenti. Shin wannan shawara ce ta ƙwarai, ko asarar kuɗi zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abubuwa biyun da suka dame ka, wato fenti da ƙugi, su ne mafi sauƙi a cikin duk abin da jita ta hannu za ta iya zuwa da shi, abin da kuwa ya kamata ya fi ɗaukar hankalinka ba ka ambace shi ba, shi ne wuyanta. Duk wata waya da ke cikin jita ana iya cire ta a liƙa wata da dalma cikin awa ɗaya, amma wuyan da ya murɗe gyaransa yakan ci kuɗin da ya kai na jitar gaba ɗaya.

Saboda haka idan ka koma wurin maƙwabcin naka, ka fara da wuya. Ka ɗaga jitar ka leƙa daga kai zuwa gangar jiki, kamar yadda kafinta yake duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, domin jan tsirkiyoyi ne ke kawo shi, amma idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu har wuyan ya karkace, ka haƙura da ita komai arharta. Bayan haka ka danne tsirkiya mafi kauri a kan matakin ƙarfe na farko da na ƙarshe (ƙarafan da ke gicciye a kan wuya) a lokaci guda, ka dubi ratar da ke tsakaninta da mataki na 7 ko na 8. Ratar da ake so ba ta wuce kaurin katin gayyata ba. Idan ta fi haka, ko babu ita kwata-kwata, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa domin daidaita shi, kuma lallai ne ka tabbatar notinta yana juyawa. Na taɓa riƙe wata jita mai kyan gaske, jan fentinta yana sheƙi kamar sabuwa, da muka sa makulli a ramin notin sai ya riƙa zagayawa bai kama komai ba, domin wani ya cinye bakin notin da makullin da ba nasa ba. Mai ita ya riga ya biya, kuma tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya har yatsa yana ciwo kafin a gama waƙa ɗaya.

Ka shafa hannu a gefen wuyan kuma. A ƙasarmu hunturu yana busar da katako ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa haka, sai bakunan matakan su fito su riƙa kartar tafin hannu. Wannan mai gyara yana goge shi da ƙaramin magagari, ba abin fasa ciniki ba ne, sai dai ka nemi ragi a kansa. Abin da ya fi shi muni shi ne matakan da tsirkiya ta ci har ta yi musu rami, musamman biyar na farko, domin sauya su aiki ne na ƙwararre. Ka kaɗa kowace tsirkiya a kowane mataki, ka saurara ko akwai inda sautin yake mutuwa.

Yanzu ga maganar ƙugi. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, kuma irin wanda ke kan Stratocaster tun da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954 mai naɗi ɗaya ne. Ɗabi'arsa ce ya kwaso ƙugin wutar lantarki, wadda a Nijeriya da Nijar take kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma abin yana ƙaruwa kusa da janareta ko taransifoma. Don magance wannan ne Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Kafin ka ɗora wa maɗaukan laifi, ka yi gwaji. Ka kai makunnin zaɓi, wanda yake zaɓar wanda zai yi aiki a cikin maɗaukanta uku, matsayi na 2 ko na 4 a cikin matsayinsa biyar, domin a jitoci da yawa masu wannan siffa ƙugin yana raguwa sosai a nan, kuma idan ya ragu, lafiyarta ƙalau. Ka sauya wayar da ke haɗa jita da amfilifaya, domin sau da yawa ita ce ta lalace. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa kan kowane maɗauki da bakin sukundireba, ka ji ko duka ukun suna amsawa.

Amfilifayar ita ce na fi jin tsoro. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka yawanci na wuta 120 ne, mu kuwa tamu 230 ce, don haka ka karanta rubutun da ke bayanta, kuma idan da na'urar rage ƙarfin wuta maƙwabcinka yake amfani, ka tabbatar an haɗa maka da ita a cikin cinikin. Kada ka yarda da fulogin da aka karya masa ƙafa ta uku, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya, kuma idan wani abu ya lalace a ciki alhali babu wannan kariya, ta hannunka wutar za ta bi.

Game da sauya kaya, ban yarda da shawarar abokinka ba a yadda ya kawo ta, ko da yake ban ce sauyi haramun ba ne. Shahararren makaɗin jita Eddie Van Halen da kansa ya ɗauki hambaka na Gibson ya dasa a jikin jita mai siffar Stratocaster, amma ya yi haka ne bayan ya san sautin da yake nema. Kai kuwa ba ka taɓa zama da jitar lantarki ba. Idan abin da ke burge ka shi ne siririn sautin nan mai kaifi na makaɗan Abzinawa na Agadas, to da yawansu irin wannan jita mai naɗi ɗaya suke riƙewa, kuma hambaka zai kaurara maka sautin ya rage masa wannan kaifin. Shawarata ita ce ka fara kai ta wurin mai gyara ya sa sabbin tsirkiyoyi, ya daidaita wuya, ya saita tsayin jakin da suke hawa a kai, ya tabbatar sautin mataki na 12 ya yi daidai da na tsirkiya a sake, ya wanke maɓallan murɗawa idan suna ƙarƙara. Ka kaɗa ta wata uku bayan haka. Jitoci da yawa da ake cewa ba su da sauti, saiti kawai suka rasa.

Idan bayan wannan lokaci akwai abin da har yanzu yake damunka, ka sauya wanda za a iya mayarwa, ka kuma adana tsohon a leda. Ka sani cewa hambaka ya fi faɗi, don haka sai an sauya farantin robar gaba, wani lokaci ma sai an fafe katakon, kuma yawanci ana haɗa shi da maɓallin murɗawa mai lamba 500 a maimakon 250. Ka auna ramuka kafin ka yi odar komai, domin kayan da aka ƙera a Asiya da milimita ake auna su, na Amurka kuwa da inci, kuma ba kullum suke shiga juna ba. Kuɗin da ka kashe a kan sauyi ba ya dawowa ranar da za ka sayar, domin mai saye Squier yake gani.

Fenti kuwa ka bar shi yadda yake, tun da ba ya hana kiɗa, kuma kankare shi a gida yakan bar jita ta fi da muni. Ka dai duba kan jitar da farantin ƙarfen da ke bayan wuya kafin komai. Idan ka ga an rubuta cewa a Japan aka yi ta, mai yiwuwa tana cikin na farkon da aka fara fitarwa daga 1982, waɗanda masu tara jita suke nema, kuma irin wannan ko ƙusa ɗaya kada ka sauya mata sai ka nuna wa wanda ya san darajarta.