Maigida yana shan sigari, yaya za a yi da warin ɗaki?

'Yar'uwa, kin ce kina Jos, maigida yana shan sigari a falo, kuma turaren wuta ya kasa kashe warin. Ba zai kashe ba. Turare rufe wari yake yi, shi kuwa hayaƙin taba maiƙo gare shi, yana manne wa labule, kafet, kushin, har bango. Ga sanyin Disamba da Janairu, kowa ya kulle taga, hayaƙin ya rasa mafita.

Maganin farko lallashi ne. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi ki roƙe shi ya koma baranda, ki aje masa kujera da gwangwanin yashi na zubar da guntaye. Ki kawo masa zancen yara, don hayaƙin nan yana tayar da asma.

Sannan wanki: labule da rigar kushin, ki zuba ruwan khal a ɗauraya. Kafet kuwa, da ni ce, naɗe shi zan yi. Da hantsi ki buɗe tagogi biyu masu kallon juna, bayan nan ki kunna turarenki. Amma kada ki bar kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa.