Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Littafi Zan Ɗauka, Wane Zan Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda. Duk wata ina ware riyal 100 don littattafai, saboda ina son in san addinina, in kuma ɗan leƙa tarihi, lafiya da harkar kuɗi. Bara na je baje kolin littattafai na Jidda na dawo da kwali biyu, ciki har da Fathul Bari gaba ɗayansa. Har yau ban wuce shafi 30 a ko ɗaya ba. Ina karanta Larabci daidai gwargwado. Ta ina zan fara? *Daga wani ɗan'uwa a Jidda.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kasala ce ta hana ka karatu ba, daga saman tsani ka faro. Fathul Bari sharhi ne da Ibnu Hajar ya yi wa Sahihul Bukhari, kuma mai karanta shi yana bukatar nahawu, fikihu da ilimin maruwaita a hannu tun kafin ya buɗe. Littafin komawa ne, ana buɗe shi idan ana neman bayanin wani hadisi. Ka adana shi, ranarsa tana zuwa.

Kowane fanni yana da matakala, kuma malaman da suka gabata da gangan suka jera ta. Dubi abin da Ibnu Ƙudama ya yi a fikihun Hambaliyya. Ya rubuta Umda don mai farawa, ra'ayi ɗaya kawai a kowace mas'ala. Ya zo da Muƙni'i inda ya nuna saɓanin ruwayoyi a cikin mazhabar, sai Kafi mai kawo dalilai, sannan Mugni wanda ya tattaro saɓanin mazhabobi. Mutum ɗaya, littafi huɗu, don ya san kan mai koyo ba ya ɗaukar komai a tashi ɗaya. A gida ma haka muka gada a Malikiyya: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibnu Abi Zaid, can daga baya Muhtasar na Halilu. A nahawu kuwa Ajurumiyya ce farko, Ƙaɗrun Nada a tsakiya, Alfiyyar Ibnu Malik a sama.

A nan akwai abin lura ga mazaunin ƙasar nan. Yawancin littattafan fikihun da za ka tarar a kantunan Makka, Madina da Jidda na Hambaliyya ne, kai kuma wataƙila da Ahalari aka yaye ka. Ka zaɓi layi ɗaya, wanda kake da malamin da zai biya maka shi, ka kammala ƙaramin littafi ɗaya daga tsarki har ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai farawa da ya haɗa biyu yakan rikice a kan abin da ke warware alwala da hukuncin ƙabli da ba'adi, ya zaci ɗaya daga cikin littattafan kuskure ne, alhali saɓani ne sananne.

Ga yadda muke ganin ya dace ka kasa riyal ɗin nan. Kada ka riƙe fiye da littafi uku a lokaci guda: ɗaya na addini da kake karantawa a gaban malami, ɗaya na wani fanni dabam da kake bi kai kaɗai, ɗaya kuma mai sauƙi na labari wanda zai zauna a mota don lokacin jira. A hadisi ka fara da Arba'una na Nawawi, hadisai 42 ne, sannan Riyadus Salihina. A sira, Rahiƙul Mahtum na Mubarakfuri ya isa mafari: mujalladi ɗaya ne, a jere yake bisa shekaru, kuma shi ya zo na ɗaya a gasar rubuta sira da Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta shirya. A tafsiri, na Sa'adi ya fi na Ibnu Kasir sauƙin shiga ga wanda Larabcinsa yake tsaka-tsaki, don babu dogayen isnadai, wato jerin sunayen maruwaita, a ciki.

Sauran fannonin su ne inda mutane suka fi asarar kuɗi, saboda babu malamin zaure da zai ce maka ɗauki wannan, bar wancan. Hanyar da ta fi aminci ita ce jerin littattafan gabatarwa da wata cibiya mai mutunci take fitarwa. Silsilar Alamul Ma'arifa ta Kuwait tana fita tun 1978, kuma ta taɓo tarihi, tattalin arziki, kimiyya, tarbiyya da harsuna. Mu'assasar Hindawi ta Masar ta sa ɗaruruwan littattafai kyauta a intanet, ciki har da fassarar gajerun littattafan gabatarwa na jami'ar Oxford. Ka karanta babi ɗaya a waya tukuna. In ya riƙe ka, sai ka nemi na takarda. A tarihinmu kuma, Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Larabci yake, kuma wanda ya ga abin da idonsa ne ya rubuta.

Kafin ka biya kuɗin kowane littafi, ka ba shi minti goma a tsaye. Karanta fihirisi, wato jerin abin da ke ciki, ka ga ko babukan suna bin juna da hankali. Karanta muƙaddima, nan marubuci yake faɗin don wa ya rubuta. Sai ka buɗe tsakiya, ba farko ba, ka karanta shafi ɗaya cikakke kana ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. In sun wuce biyar ko shida a shafi guda, littafin ya fi ƙarfinka a yanzu, komai kyan bangonsa. Shafi 10 a rana shi ne shafi 300 a wata, wato littafi guda matsakaici. A shekara 12 ke nan, ya fi kwali biyu da ke shan ƙura.

Tambaya: Malamai, ni ɗalibi ne a shekarar farko a Madina. Sai in ga littafi ɗaya, marubuci ɗaya, amma wani bugun ya ninka wani kuɗi sau uku. Shin ba almubazzaranci ba ne sayen mai tsadar? *Daga wani ɗalibi.*

Amsa: Ɗalibi, wani lokaci almubazzaranci ne, wani lokaci kuma mai arahar ne asara. Abin da ke raba su shi ne tahaƙiƙi. Tsohon littafi da hannu aka kwafe shi, daga wannan magatakarda zuwa wancan, kowa da irin tuntuɓensa. Aikin muhaƙƙiƙi, wato mai yin tahaƙiƙi, shi ne ya tara kwafe-kwafen, ya gwada su da juna, ya tsayar da lafazin da ya fi inganci, ya nuna bambancin a ƙasan shafi, ya faɗi inda kowane hadisi ya fito da darajarsa. Don haka ka buɗe muƙaddimarsa. In ya lissafa rubutattun kwafen da ya dogara da su, ya faɗi ɗakin karatun da suke, har ya sa hoton shafukansu, to ya yi aiki. In kuwa ka ga an rubuta cewa wani kwamitin malamai ne ya duba, babu sunan kowa, babu zancen kwafi, to yawanci tsohon bugu aka sake bugawa a kwamfuta, aka ƙara masa sababbin kurakurai. A littafin fikihu, kalmar korewa "la" guda ɗaya da ta faɗi takan mayar da haram halal.

Tsadar da ba ta da amfani ita ce ta ado: bangon fata, zanen zinariya, rubutu mai launi uku. Haka kuma bugun da aka kumbura da dogayen bayanai a ƙasan shafi har matani ya koma layi biyu a sama.

Ka saba juya shafin take. Littafin da aka buga a Saudiyya yana ɗauke da bayanin Maktabar Sarki Fahad ta Ƙasa a bayan shafin: sunan marubuci, shekara, yawan shafuka da lambar rajista. In shekarar ta Hijira ce kana son ta Miladiyya, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu kusan daidai: 1420 za ta ba ka 1999. Wannan lissafin yana da muhimmanci, don ba duk fanni ne ake magani da tsohuwar zuma ba. A nahawu, tafsiri da adabi tsufa ba aibi ba ne. A likitanci, kwamfuta, dokokin aiki da iƙama (izinin zama) ko haraji, littafin da ya haura shekara biyar zuwa goma yana iya faɗa maka abin da aka riga aka sauya.

Ka kuma kula da jinginawa. Littafin fassarar mafarki da ake sayarwa ko'ina da sunan Ibnu Sirin, masu bincike da dama sun nuna ba shi ya rubuta ba. Shaharar suna a bango ba hujja ba ce.

Abu na ƙarshe kafin ka bar kanti: littafi ana ɗinke shi ne ƙunshi-ƙunshi, abin da masu ɗab'i ke kira malzama, galibi shafi 16. Idan aka yi kuskure, ƙunshi guda ne yake ɓacewa, ko ya maimaitu, ko ya fito fari fat. Ka bi lambobin shafi da babban yatsa a kowane mujalladi. Gano haka bayan wata shida, rasidi ya ɓace, ba ya da magani.

Tambaya: Ni uwa ce a Makka, 'ya'yana huɗu duk nan aka haife su. Suna jin Hausa, suna karanta Larabci da ɗan Turanci, amma ba sa iya karanta Hausar boko. Wane littafi zan nema musu? *Daga wata baiwar Allah.*

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. Aikin bai kai yadda kike tsoro ba, tunda harshen yana bakinsu kuma sun san haruffan boko daga makaranta. Abin da ya rage musu kaɗan ne, amma in ba a gyara shi da wuri ba yakan sa yaro ya ji kunya ya ajiye littafin. Na farko, haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y da ts. Ki rubuta musu kalmomi bibbiyu a takarda, kamar bari da ɓari, daki da ɗaki, kafa da ƙafa, su faɗa da baki su ji bambancin. Na biyu, harafin c: yaron da ya koyi Turanci zai karanta "ciki" kamar "siki" ko "kiki". Na uku, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. Yaron da ya saba da Larabci mai wasali zai tsaya nan. Maganinsa karatu a bayyane: ki karanta sakin layi, shi ya maimaita, minti 15 bayan Magariba.

A littattafai, ki fara da Ka Koyi Karatu don ƙanana. Daga nan sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, kuma labaran da aku yake bayarwa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar sun dace da waɗanda suka tasa. Ba kasafai ake samun waɗannan a kantunan nan ba, sai ki ba masu zuwa Umara daga Kano ko Zariya saƙo. Ga manyan kuma, akwai tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi wadda Cibiyar Sarki Fahad ta Madina take bugawa. Tunda sun san ayar da Larabci, Hausar da ke gefenta za ta zo musu da sauƙi. Littattafan labarai na zamani kuwa, akwai masu kyau ƙwarai, akwai waɗanda ba na yara ba ne, kuma bango ba ya nunawa. Ki riga su karantawa.

Tambaya: Zan koma gida bayan shekara 9, ina da littattafai sun kai kwali biyar. Yaya zan yi? *Daga wani Alhaji a Riyad.*

Amsa: Alhaji, yawancin jirage kilo 23 suke ba jaka ɗaya, kuma mujalladi mai kauri yakan kai kilo guda, don haka saiti ɗaya na manyan sharhohi zai cinye rabin jaka ko fiye. Ka kasa su uku. Waɗanda ka yi rubutu a gefensu da bugun da ke da wahalar samu, su bi ka a jaka. Waɗanda ake samu a Kano ko suke cikin Maktaba Shamila, manhajar littattafan Larabci ta kwamfuta da waya, ka bayar ga ɗalibai a nan. Sauran su tafi ta kago, wato jigilar kaya ta jirgin ruwa, a ƙananan kwalaye, kada kowanne ya wuce abin da mutum ɗaya zai ɗaga, don babban kwali yakan fashe ta ƙasa. Ka kwantar da littattafan a kwance, ka naɗe kowane saiti da leda saboda danshin teku, ka rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin. Kada ka bar su a bayan mota cikin rana kafin ranar aikawa, zafi yana narkar da gam ɗin bango, shafuka su fara zubewa. In sun isa gida, a ɗora su a kan kanta nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara.