Ku Tambaya Mu Amsa: Kan Sarkin Tunawa Da 'Yantar Da Sansanonin 'Yan Nazi

Tambaya: Ina so in fara tara kan sarki da ambulan da aka fitar don tunawa da 'yantar da fursunonin sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi. Ta ina zan faro? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, fara haddace ranakun tukuna, domin su ne ma'aunin komai. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga sansanin Auschwitz ranar 27 ga Janairun 1945. Amurkawa sun isa Buchenwald 11 ga Afrilu, Dachau 29 ga Afrilu, Mauthausen 5 ga Mayu. Bergen-Belsen kuwa sojojin Birtaniya ne suka 'yantar da shi ranar 15 ga Afrilu. Ƙasashe kan fitar da kan sarki idan an cika shekara 10, 20 ko 50, saboda haka ka sa ido kan 1955, 1965 da 1995. Faransa ta fitar da na faran 12 a 1955, Isra'ila ta fitar a 1965, Jamus ta fitar da na fenik 100 a 1995. A shekarar ce Amurka ta sa guda na santi 32 cikin jerin goma na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. An buga su da yawa, ba su da tsada, kada wani ya yi maka daɗin baki ya tsauwala maka kuɗi. Na Isra'ila dai ka nemi mai ɗan jela a ƙasa, wato ɗan guntun takardar da ke haɗe da kan sarkin, wanda aka yage jelar darajarsa ta faɗi.

Idan ambulan ranar farko ce, wato wadda aka buga wa hatimi ranar da kan sarkin ya fara fita, duba hatimin gidan waya da gilashi mai ƙara girma sau 10. Dole hatimin ya hau kan sarkin ya kuma gangaro kan takardar, kwanan watan ya dace da abin da kundin Michel ko Scott, littattafan da ke jera bayanan kan sarki, ya nuna. Ka yi hattara da kan sarkin 1943 na izinin aika ƙunshi zuwa Theresienstadt, sansanin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa: jabunsa ya cika kasuwa, kada ka biya sai da takardar shaidar ƙwararre.

Tambaya: Kan sarkin da na tara sun manne da juna bayan damina, wasu sun yi ɗigo-ɗigo ja. Mene ne ya jawo? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, laima ce ta jiƙa danƙon bayansu, ɗigon kuma yawanci fumfuna ce. Kada ki ɓamɓare su da ƙarfi, kada kuma ki jiƙa ambulan don cire kan sarki, darajar tana cikin haɗuwarsu. Ware masu ɗigon daga sauran. Ki riƙa ajiye kundin da kike adana su ciki a tsaye, ba a kwance ba, cikin akwati mai murfi da 'yan ƙullin silika masu shanye danshi, danshin ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Ki guji ledar PVC mai laushi da salatif, ki ɗauka da hantsaki mai faɗin baki maimakon yatsa.